Waƙar da Hoyt Tackett Ya Ce A Ajiye Masa

Hoyt Tackett ne ya cinye wa Glenna Sizemore shekara goma sha tara na rayuwarta, kuma ko a gaban wa za a faɗi wannan. Bai sace mata komai ba, bai ɗaga mata hannu ba. Wake ya ci a gidan uwarta, kwano biyu, da burodin masara, ya suɗe yatsu, sannan ya miƙa mata hannu ya ce ta ajiye masa waƙa. Iyakar abin da ya yi ke nan. Ya shiga motarsa ya koma Nashville, birnin masu sana'ar waƙa, ya bar mutane riƙe da magana.

Shekarun Glenna ashirin da takwas a lokacin. Uwarta, Ozella, ita ta dafa waken, ita ce kuma ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo sa'ad da aka haɗa hannun. Aikin Hoyt a wancan zamani shi ne karɓar waƙoƙi daga hannun masu rubutawa ya kai wa manyan mawaƙan karkara su rera. Ya ji Glenna ne a wani taron kiɗa a gundumarsu ta gabashin Kentucky, ya biyo ta har gida cikin tsauni da takalminsa mai tsinin baki. Da aka gama cin abinci, Glenna ta ɗauko jitar ubanta ta zauna a baranda, ta yi masa waƙar da ta rubuta a kan Arlis.

Arlis shi ne uban. Ramin kwal ya rufta da shi Glenna tana 'yar shekara tara. Kullum Ozella takan zuba masa abinci a gwangwaninsa na ƙarfe, shi kuma kullum sai ya rage gutsuren kek ya dawo wa Glenna da shi, kamar yadda masu haƙar kwal ke yi wa 'ya'yansu. Ranar da abin ya faru, abokin aikinsa ne ya kawo gwangwanin gida. Gutsuren yana ciki, a naɗe a takarda. A kan wannan gutsuren waƙar take.

Hoyt ya zaro hankici ya goge ido. Ya ce, “Kada ki ba kowa wannan. Kada ma ki rera ta a gaban jama'a, wani ya ji ya kwashe. Ki ajiye min, akwai wata babbar mawaƙiya da nake so ta ji. Zan kira ki.”

A Nashville haka ake yi. Idan an ce a ajiye waƙa, da baki ake faɗa, babu takarda. In wata biyu ko uku suka wuce ba a kira ba, kowa ya san maganar ta mutu, mai waƙa sai ya kai ta gaba. A tsaunin su Ozella ba haka ba ne. Wanda ya ci a teburinka ya ba ka hannu, maganarku tana nan har sai ya buɗe baki ya sake ka, ko kuwa ɗayanku ya shiga ƙasa.

Glenna ta tattara kayanta ta koma Nashville ta jira kira. Da sassafe tana kai wa direbobin manyan motoci ƙwai da kofi a wani gidan abinci, da yamma tana rubutu. Ta rubuta waƙoƙi sun fi ɗari uku. Biyu daga ciki wasu suka rera, can ƙarshen faifai inda ba wanda ke kaiwa. Ta auri wani makaɗin ganga, auren ya yi shekara huɗu ya watse, ya tafi da karenta. Shekarar farko ta kira ofishin Hoyt, wata mata ta ce, “Har yanzu a ajiye take, 'yar nan, yi haƙuri.” Shekara ta biyu ma haka. Ta uku lambar ta daina shiga, kamfanin ya rufe, Hoyt ya ɓace.

Abokan sana'arta suka yi ta yi mata dariya. Da ta zo gida Kirsimeti ta ce, “Mama, kowa fa cewa yake maganar nan ta mutu tuntuni.”

Ozella tana fere dankali, ko ɗagowa ba ta yi ba. “Shi ya mutu ne?”

“Ban ji ba.”

“Ya ce ya sake ki?”

“A'a.”

“To. A gidan ubanki kika ba shi hannu, da jitar ubanki a cinyarki.”

Glenna ba ta sake tayar da zancen ba. Shekara goma sha shida ba ta sake tayarwa ba.

Sai bara, tana da shekara arba'in da bakwai, furfura ta fito mata a goshi, wata mata mai ƙaramin kamfanin faifai ta ji ta, ta ce za ta ɗauki faifai guda cur da muryar Glenna ita kanta, ba ta wani ba. An sa ranar Juma'a. Ran Litinin Glenna ta kira gida.

“Waƙa tara muka zaɓa, Mama. Ta ce duk suna da kyau, amma babu wadda za ta sa direba ya gangara gefen titi ya tsaya.”

“To ki rubuta mata mana.”

“Ai na rubuta, Mama. Tun tuni. Ba tawa ba ce dai.”

Babu zargi a muryarta, ko ƙanƙani. Da ta yi faɗa da ya fi wa Ozella sauƙi. Ozella ta ajiye wayar, ta tsaya a kicin tana kallon gwangwanin Arlis a kan kantar kwanuka, har ruwan da ta ɗora ya ƙone. Sannan ta ɗauki sandarta ta haura gidan Dovie, ƙanwar Arlis, wadda ta san inda kowa yake da abin da ya ci jiya.

Kwana ɗaya ya ishi Dovie. 'Yar'uwar matar fastonsu tana da suruki a Tennessee, shi ya ce ai Hoyt Tackett yana bakin wani tafki yana sayar wa masu fatsa ƙugiya da tsutsar tana. Ran Laraba da hantsi tsofaffin biyu suka shiga a-kori-kurar Dovie.

“Ke da ba ki taɓa wuce garin Hazard ba, yau sai ga ki za ki ƙetare jiha,” in ji Dovie. “Da wannan rigar coci za ki kashe shi?”

“Ba kashe shi zan yi ba. Magana zan karɓo.”

“Sandar fa?”

“Ta gwiwata ce. Ki kalli titi, makauniya, kin kusa taka akwatin wasiƙun mutane.”

“Shekara hamsin ina tuƙi ban taɓa kashe ko kaza ba.”

“Kajin ne suka san motarki.”

Awa huɗu suka yi. Shagon na katako ne, yana warin kifi da man jirgi. Mutumin da ke bayan kanta ya yi tumbi, kansa ya kwashe, amma haƙoran nan masu yawa suna nan yadda Ozella ta san su.

“Sannunku da zuwa, 'yan mata! Tana ko ƙananan kifi?”

“Kai ne Hoyt Tackett?”

“In ba 'yan sanda ne suka aiko ki ba, ni ne.”

“Ni ce Ozella Sizemore. Ka ci wake a gidana.”

Ya yi dariya. “Iya, na ci wake a gidaje da yawa.”

“Kwano biyu. Ka ce wa 'yata Glenna ta ajiye maka waƙa. Ka ce za ka kira.”

Ya sosa ƙeya, ya dubi rufi, ya dubi Dovie ko za ta taimake shi. Dovie ta naɗe hannu. Ya ce, “Wace waƙa ke nan?”

Ozella ta zo da shirin jin ƙarya, ta zo da shirin jin ya ce ya sayar, ko ya ce sai an biya shi. Wannan ne kaɗai ba ta shirya wa ba. Ta dafa kantar da hannu biyu.

“Ta gwangwanin abinci. Da gutsuren kek. Ka yi kuka a barandata, munafuki, da hankici mai layin shuɗi.”

“Af! Yarinyar nan mai dogon kitso! Kai, waƙa ce mai kyau. Wa ya rera ta daga baya?”

“Ba wanda ya rera. Tana ajiye maka.”

Dariyar ta fara zuwa masa, ta tsaya a rabi. “Wai... har yanzu? Haba Iya. Haba. Ai wannan maganar baki ce. A mako guda nakan ce a ajiye min waƙa goma. Wata uku in ba ki ji ni ba, shi ke nan, ko yaron da ya sauka daga mota jiya a Nashville ya san haka. Ita ma ai ta sani. Wa ya ce mata ta riƙe?”

Dovie ta kawar da kai tana karanta farashin ƙugiya kamar abin ya dame ta.

“Ni,” in ji Ozella. “Ni na ce. Domin na ɗauka mutum ne ya ci a teburina. Dovie, kira min yarinyar.”

Dovie ta danna wayar ta ɗora a kan kantar shagon, kusa da kwalin tana. Muryar Glenna ta fito, ana jin ƙarar kwanuka a bayanta. “Gwaggo Dovie? Lafiya? Mama ce?”

“Uwarki garau take, ta fi ƙarfin kowa. Ga wani zai gaishe ki.”

Ozella ta nuna wayar da sandarta. “Faɗa mata. Da bakinka, da sunanka.”

“Iya, ai ba sai...”

“Faɗa.”

Ya sunkuya, ya gyara murya. “Glenna, Hoyt Tackett ne. Waƙar nan ta babanki... na sake ki. Taki ce. Tun can ma taki ce.”

Sai aka ji an ajiye faranti. Sai Glenna ta fara dariya, irin wadda ba a rabe ta da kuka, ta ce, “Mama, kina ina ne haka?”

“Tennessee. Wari ne da ita. Je ki gama aikinki.”

A hanyar dawowa Ozella ta cire takalmi ta miƙe ƙafa, ta ji ƙirjinta sakayau, kamar an sauke mata buhun da ta manta tana ɗauke da shi. Ta ci biskit ɗin Dovie har uku ba ta tambaya ba. Ko sau ɗaya ba ta sake gyara wa Dovie tuƙi ba, har Dovie ta taɓa mata goshi ta ji ko zazzaɓi ne.

Ran Juma'a Glenna ta rera waƙar sau ɗaya tak aka ɗauka. Ta ce mai kaɗa mata goge sai da ya fita waje share hawaye, ya daɗe bai dawo ba.

Abin bai tashi fuu ba. Ba abin Glenna da ya taɓa tashi fuu. Wata biyar faifan yana nan shiru. Sai wani ƙaramin gidan rediyo a West Virginia ya sa waƙar da safe, matan masu haƙar kwal suka yi ta kira a maimaita. Daga nan ta gangaro Kentucky, ta shiga Ohio. Aka fara gayyatar Glenna ɗakunan taro inda mutum ɗari huɗu ke zama su yi shiru, ba masu tauna nama suna hira a kanta ba. A watan Maris ta mayar wa gidan abincin nan rigar aikinsu. Yanzu tsofaffin maza kan tsaya a layi bayan wasa, kowa da labarin gwangwanin ubansa.

Ozella ta ji ta ne wata Talata, tana murza ƙullun biskit, rediyo a kan taga. Rabonta da jin waƙar tun ranar baranda. Ta tsaya da gari a hannu har aka gama. Muryar ta yi kauri, ta yi ƙasa, ba ta yarinyar nan mai kitso ba ce, kuma sai ta fi dacewa da maganar. Ta goge hannu ta kira Glenna.

“Na ji ki.”

“Yaya kika ji, Mama?”

“Kin ja baiti na biyu da yawa.” Ta gyara riƙon wayar. “Ni na tsare ki, Glenna. Na sani. Ba sai an faɗa min ba.”

“Mama, da na rera ta a lokacin, wata ce za ta karɓe ta sa mata ganguna. Yanzu ni na yi abata.”

“Kada ki lallashe ni, ba yarinya ba ce ni. Kina cin abinci kuwa?”

Ozella ta ɗauki nata laifin, ta faɗa da bakinta, tana kuma barci lafiya yanzu, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Amma kada wannan ya sa wani ya ɗauka an gama. Ita ta riƙe magana ne domin ta ɗauki magana da daraja. Shi Hoyt fa? Kira ɗaya, na minti ɗaya, a ce, 'yar nan, abin bai yiwu ba, kai waƙarki gaba. Ya san gidan da ya shiga. Ya ga gwangwanin a kan kantar kwanuka da idonsa. Kuma yanzu an ce yana gaya wa masu sayen tana wai shi ya fara gano Glenna Sizemore.

Lahadi ta biyu a watan Yuni ake share makabartar su Arlis, a sa furanni, a shimfiɗa abinci a ƙarƙashin itatuwa, dangi duka su hallara. Dovie ta rubuta masa wasiƙa, Ozella ta sa hannu, an zana masa hanya don kada ya ce ya ɓata. Ba a neman komai nasa. Ya zo ya tsaya a gaban kabarin Arlis, a gaban Glenna, a gaban matar da ta dafa masa wake, ya faɗi abin da ya hana shi ɗaga waya shekara goma sha tara. Hoyt Tackett, wasiƙar ta isa, an ga wanda ya karɓa. Ka zo ka amsa.