Kwana Arba'in Ba Goro

Karo na uku ke nan tun hantsi allura ta shige wa Inusa ɗan yatsa. Ya yi maza ya janye hannunsa daga kan farar rigar kafin jini ya ɗiga, ya cusa yatsan a baki, ya ja tsaki mai tsawo har kazar da ke kiwo a ƙofar zaure ta ɗago kai.

Shekara talatin yana ɗinkin riga a Birni, kuma duk Damagaram an san aska takwas ɗinsa. Sai dai an fi sanin bakinsa. Tun yana ɗan shekara goma sha biyu yake cin goro, da shi yake tashi, da shi yake kwana, har yara suna ce masa Jan-baki a bayan ido, manya kuwa a gaban ido. Yau kwana goma sha ɗaya rabonsa da shi, kuma ji yake kamar ana daka sakwara a tsakiyar kansa.

Shi ya jawo wa kansa. Wata huɗu ya yi yana ɗinka wa Gana, tafintan kumandan, wata farar riga, saura kaɗan a gama, tari ya sarƙe shi bakinsa cike da goro. Ƙirjin rigar ya yi ja kamar an yanka kaza a kai. An wanke da toka, an wanke da lemun tsami, tabon ya ce yana nan daram. Gana bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Sabon ƙyalle ya kawo, ya ce Nasara za su ɗauke mazaunin gwamna zuwa Yamai, shi ma da shi za a tafi, kuma yana son ya shiga garin da ɗinkin Damagaram a jikinsa. In ya ƙara ganin ja a bakin Inusa, zai kai aikin wani zaure, ya kuma gaya wa kowa dalili.

A cikin zafin kunyar nan ne Inusa ya tafi wurin Malam Suma'ila, limamin unguwa, ya dafa Alƙur'ani ya rantse: kwana arba'in ba goro. Shi a nufinsa a tsaya nan. Malam kuwa ya ce ai ba a kashe ƙaiƙayi da susa, sai ya bar duk abin da ke kiran goron. Ba taba, ba zaman hira a dandali, ba sauraren masu goge, ba bi ta rumfar 'yan goro ko da ita ce hanya mafi kusa. Ya ce ya zauna shi da allurarsa har ransa ya koyi zama shiru. Inusa ya ce to, don a ranar bai san abin da yake cewa to a kai ba.

Barira matarsa ta leƙo daga cikin gida da ƙwaryar fura.

"Malam, ga fura. An kuma aiko daga gidan maƙera, an yi haihuwa. Ga goron suna guda uku."

"Ki fitar da shi daga gidan nan."

"In kai shi ina? A mayar da goron suna? So kake a ce muna gaba da jariri?"

"To ki cinye! Amma ki tafi bayan rumbu, kada in ji ƙarar ɓarawa."

Barira ta ajiye furar tana danne dariya. Abin da ya fi ba shi haushi ke nan. Tun da ya yi rantsuwar nan garin ya haɗa baki a kansa. Da can sai a yi mako ba a yi suna a unguwa ba, yanzu mata sun tashi haihuwa kamar an yi musu gangami. Wanda bai taɓa ba shi ko tsinken sakace ba, yanzu shi ke tare shi a ƙofar masallaci da ɓarin goro, yana cewa ɗan wannan ai ba ya karya rantsuwa.

Bai gama shan furar ba sai ga muryar Falmata mai goro a lungu, da tirenta a ka. Shekara talatin ƙofarsa ce zangonta na farko.

"Malam Inusa, ayarin Kano ya sauka! 'Yan duwan masu karɓar kuɗin fito sun tsare su kwana uku, amma sun iso. Ga fari sol, kamar ƙwai!"

"Falmata, na ce ki sake hanya."

"Ni hanyata ke nan tun kafin Nasara su zo. Shaƙa kawai, shaƙa ba ci ba ne."

Ya juya mata baya ya fuskanci bango, ya cusa asuwaki a baki yana tauna da mugunta. Wannan shi ne na huɗu yau. Ɗaci yake da shi, amma ba irin ɗacin da ke juyewa zaƙi in an kora da ruwa ba. Sabo turken wawa, in ji masu magana, kuma Inusa ya yarda shi ne wawan.

Bayan azahar Gana ya biyo, da jar dara da takalmin Nasara mai ƙara. Bai ko dubi rigar ba.

"Buɗe."

Inusa, mai furfura a gemu, uban 'ya'ya biyar, ya wangale baki kamar dokin da ake tayawa a kasuwa. Gana ya leƙa sama, ya leƙa ƙasa.

"Bon. Sun fara haske. Ashe kana da haƙora."

Ya tafi yana ƙwas ƙwas. Inusa ya bi bayansa da harara, ya faɗi wata kalma a ciki wadda ba ta dace da mai alwala ba.

La'asar ta yi sanyi, ya samu hannunsa ya ɗan daidaita, sai inuwa ta rufe masa haske. Ya ɗago a fusace zai kori Falmata. Wani tsoho ne dogo, ƙafafunsa fari fat da ƙurar hanya, yana ɗaure jaki a jikin turken ƙofa. Sai da mutumin ya yi sallama Inusa ya gane muryar. Alkasum ne, wansa uwa ɗaya uba ɗaya, manomi a ƙauyen Dogo. Shekara bakwai ko gaisuwa ba ta haɗa su ba.

Abin da ya raba su kowa a dangi ya sani. Da ciwon innarsu ya yi tsanani, Alkasum ya aiko cewa tana kiran Inusa, ya taso yanzu. Inusa bai isa Dogo ba sai washegari da yamma, ya tarar an dawo daga maƙabarta. Ya ce sojan kumandan ne suka ƙwace masa jaki a ƙofar gari don jidar dutse. Alkasum ya dubi jan bakinsa a gaban masu zaman makoki ya ce, "Kai dai goro ya fi maka uwa." Daga ranar ba su sake magana ba.

"Yaya," in ji Inusa. "Shigo. Barira! Kawo ruwa!"

Aka gaisa, aka tambayi gida da gona da dabbobi, kowa yana kallon tabarma. Alkasum ya rame ƙwarai. Ya sha ruwa, ya goge baki, ya sa hannu a aljihu ya fito da wani ɗan ƙunshin ganye mai laima. Tun kafin ya kwance, hancin Inusa ya gaya masa ko mene ne. Farin goro ne guda ɗaya, babba, mai sheƙi, irin wanda ake kai wa sarakai.

"Da damina na kwanta," in ji Alkasum. "Har an juya ni gabas. Ina kwance ina ta tunanin maganar da na gaya maka. Bayan na tashi na tambayi mutane, suka ce lalle a shekarar nan Nasara sun yi ta kama jakuna. Ashe zaluntarka na yi, Inusa. Da goro na zage ka, shi ya sa na ce da goro zan zo. Mu ɓara, ka ci rabi in ci rabi, magana ta mutu."

Ya sa farcen babban yatsa a tsagin goron.

Yawu ya cika wa Inusa baki. Duk duniya ba a taɓa shirya wa mutum tarko mai kyau irin wannan ba. Ga goron da bai taɓa ganin kamarsa ba, ga dalilin da ko Malam Suma'ila ba zai iya musawa ba, don wa zai ce a ƙi goron sulhu? Abin da zai yi kawai shi ne ya ciyar da miskinai goma, rantsuwa ta warware. Ya kurkure baki da toka kafin Gana ya dawo. Wansa ya koma gida da farin ciki, tsohuwar magana ta bi ruwa. Sai dai ya san kansa. Rabin nan ba zai tsaya rabi ba, kafin magariba zai aika a kira Falmata.

"Yaya, kada ka ɓara."

Alkasum ya tsaya. "Me ka ce?"

"Na bar goro. Na yi rantsuwa, kwana arba'in."

Alkasum ya dube shi, ya yi wata dariya marar daɗi. "Kai? Kai ka bar goro? Inusa, tun asuba nake kan jaki. In ba ka yafe ba ka ce ba ka yafe ba, kada ka mai da ni abin wasa. Maganata kake rama mini, ko?"

"Wallahi gaskiya ne, Yaya," in ji Barira daga bakin ƙofa. "Yau kwana goma sha ɗaya. Mu muka san abin da muke gani a gidan nan."

"Ke matarsa ce, me za ki ce?" Ya fara naɗe ganyen. "A garinmu in an miƙa wa mutum goron sulhu ya kau da kai, an san abin da yake nufi. Ban san ko a Birni Nasara sun sake muku al'ada ba."

Takaici ya turnuƙe Inusa. Kwana goma sha ɗaya yana fama, kansa na sarawa, an duba masa baki kamar dabba, kuma ranar da ya fara faɗin gaskiya game da goro ita ce ranar da aka ƙi yarda da shi. Ƙaryar da ya yi shekara bakwai kuwa, ga ta an ɗauko ta tun daga Dogo an kawo masa da ban haƙuri. Abin ya fi ƙarfinsa.

"Ba wanda ya kama mini jaki!"

Inusa ya sunkuyar da kai, ya ci gaba.

"Jakina yana nan ɗaure a turken nan da ka ɗaure naka. Saƙonka ya iso da hantsi. Garin ba goro, kwana biyu ban ci ba, aka ce ayari zai sauka da yamma. Na ce ba zan iya hanyar Dogo baki wayam ba, bari in jira kaɗan. Bai sauka ba sai da gari ya waye. Na saya, na taso." Ya share fuska da hannun rigarsa. "Ba ka zalunce ni ba, Yaya. Abin da ka faɗa, haka yake."

Barira ta ja da baya ta shige gida. Ko ita ba ta taɓa ji ba.

Alkasum ya dubi ƙunshin da ke hannunsa. Ana jin masu jima suna bugun fata can nesa. Da ya yi magana, a hankali ya yi ta.

"Har azahar inna tana tambaya ko ka iso. Ina ce mata kana hanya."

Ya miƙe, ya fita, ya shiga kwance jakinsa. Inusa bai iya tashi ba, kunya da baƙin ciki sun danne shi a kan tabarma. Ya ji an kwance igiya, ya ji jakin ya taka sau biyu, sa'an nan ya ji shiru. Inuwar ta sake rufe ƙofa.

"Kwana nawa ya rage?"

"Ashirin da tara."

Alkasum ya sunkuyo ya ajiye ƙunshin a kan tabarma, dab da gwiwar Inusa, nesa kaɗan da farar rigar.

"Riƙe shi a wurinka. Ranar da ka cika, ka hau jakinka ka kawo mini shi Dogo, ɗanye, ba a ɓara ba. Mu je kan kabarinta mu yi addu'a, mu dawo mu ɓara. In ya bushe, ko ka cinye a hanya, ka yi zamanka."

"Yaya, ka kwana mana. Yamma ta yi."

"Ina da masauki a Zango."

Ya ja jakinsa ya bi lungu, bai waiwayo ba.

Inusa ya zauna shi da ƙunshin. Ƙamshin ya cika zauren, ya bi ta hanci ya sauka har cikin haƙoransa. Can Barira ta fito, idonta ja, ta tsaya tana kallon abin.

"Kawo in ɓoye maka a cikin tukunya, inda ba za ka gani ba."

"Bar shi. Ni aka ba."

Ta kawo ruwa a ludayi ba tare da ya tambaya ba. Ya ture rigar Gana can gefe, ya kwance ganyen, goron ya bayyana fari sol. Ya tsoma yatsu a ruwa ya yayyafa masa, ya juya shi ya yayyafa wa ɗaya gefen, yana haɗiyar yawu.

"Da zafin nan sai an yi masa safe da yamma," in ji Barira. "Kullum."

"Na sani!" in ji Inusa. "Ni za a koya wa goro?"

Ya naɗe ganyen, ya ɗaure, ya laluba ƙarƙashin tabarma ya ɗauko asuwaki na biyar.