Yaran Da Ba Su Fito Ba

Hafsatu, mai kula da bayanan asibiti, ta sake danna maɓallin, kwamfutar ta sake kawo mata amsar jiya. Yaran da aka shigar a rumbun bayanai sun fi waɗanda manhajar ke fitarwa don zagaye na biyu na rigakafin ƙyanda. Motar da za ta kai allurai Belbeji kuwa tana bakin ƙofa, kuma wanda bai fito a allo ba babu allurarsa a cikin akwatin sanyi.

"Madam, mu loda abin da ta ba mu mana," in ji Nafi'u, majon asibitin, wato babban ma'aikacin jinya, yana kaɗa makullin mota. "Na'ura ai ba ta ƙarya."

"Ba ta ƙarya, Majo, amma tana haɗiye yara."

Manhajar ta kyauta ce, irin wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya gyara. Wasu mutane ne can wata ƙasa suka rubuta ta, waɗanda ko a taswira ba su san garin nan na Tanut ba. Tun safe Hafsatu ke bin layukanta ɗaya bayan ɗaya. Ta duba ranar haihuwa, lafiya lau. Ta duba sunayen ƙauyuka, babu matsala. Kai, abin ya ishe ta!

Ana cikin haka wata mata ta leƙo da goyo, Dado daga wajen Gangara. Ta ce an aika wa maƙwabtanta saƙon allura, ita shiru.

"Yaya sunan yaron, 'yar'uwa?"

Dado ta sunkuyar da kai tana murza bakin zane. "Shi dai wannan."

"Na fari ne?"

Ta gyaɗa kai. To, ina uwa za ta kama sunan ɗan fari a gaban mutane? Masu shigar da bayanai ma sun san haka. Ba sa matsa wa kowa, sai su tsallake gurbin da niyyar cikewa in uban ya zo, uban kuma yana can bayan raƙuma.

Hafsatu ta koma kan allo. Ga shi nan, layi guda da ke gwama sunaye don kada yaro ya fito sau biyu. In ya tarar da gurbi babu komai, ba ya cewa e, ba ya cewa a'a, sai ya wuce abinsa. Ta gyara layin, ta rubuta wa masu manhajar bayani a taƙaice, ta sake dannawa.

Sai ga su sun zubo reras, daga Gangara har rugagen Belbeji, duk 'ya'yan fari.

"Ikon Allah!" Nafi'u ya ajiye makullin, ya ƙwala wa direba kira a ƙaro allurai. "Amma a cike sunayen nan, Madam, kada a maimaita."

Tana gangarawa ƙasan jerin yaran sai hannunta ya tsaya a kan wani layi. Unguwarsu ce, ranar haihuwar ta san ta sarai, a gurbin uwa kuma an rubuta Hafsatu. Ɗanta na fari ne, ita da kanta ta shigar da shi bara, ta tsallake gurbin sunan. Ita ma saƙon take jira, tana zaton lokaci ne bai yi ba.

Ta ɗora yatsu a kan maɓallai. Sai kuma ta tura kwamfutar gefe.

"Majo, ai ka je bikin sunan," ta ce, idonta a ƙasa. "Kai ka rubuta."