Sake Shi

Aikin Dogo kallon ruwan da ba ya gani ne. An liƙa wani siririn zaren gilashi a jikin wani babban bututun ruwa, tun daga bakin tanki har ƙarshe. Haske na bi ta cikinsa, girgizar ruwa na taɓa hasken, kwamfuta kuma ta faɗi saurin gudun ruwan da inda ya kai.

Ran nan an rufe ruwa, don ƙanensa mai walda ya shiga cikin bututun yana ɗinke wata tsaga. Kamata ya yi allon kwamfutar ya nuna sifili, amma shegen awon sai rawa yake.

Dogo yana riƙe da oba-oba, bai ma san babban yatsansa na kan maɓallin magana ba. Ya dubi abokiyar aikinsa ya yi tsaki.

"Wannan awon banza ne. Sake shi."

Can bakin tanki, Mai Famfo, mai buɗe ruwa da rufewa, ya ji umarni ta tasa oba-obar. Ya murɗa ƙarfen, ya saki ruwan.

Dogo ya ga allon ya yi ja. Na'urar ba ta ƙarya, abin takaicin ke nan. Ta nuna masa ruwan yana tafe a guje, gaɓa bayan gaɓa, har daidai inda ƙanensa yake durƙushe. A nan gudun ya ɗan ja baya, kamar mota ta taka wani abu, sannan ya wuce.

A ragar ƙarshen bututun aka tsamo ƙanen nasa. Ruwan ya karya masa wuya, ya tuɓe masa riga, ya ɗaye fatar bayansa.

Dogo bai yi kuka ba. Sifana, ƙarfen kwance noti, ya sura ya nufi tanki. Dukan farko ya zubar wa Mai Famfo haƙoran gaba, na biyu ya fasa masa gira. Mutumin ya faɗi, Dogo ya hau ruwan cikinsa ya shaƙe shi, sai da ƙarti suka taru suka ɓanɓare shi da ƙyar.

"Uban wa ya ce ka buɗe? Uban wa?"

Mai Famfo ya tofar da jini. Babu ko fushi a idonsa, sai mamaki.

"Yallaɓai, ai muryarka ce. Har na tambaya ko ƙanenka ya fito, ba ka amsa ba."

Dogo ya dubi babban yatsansa. Muddin maɓallin na danne, ba ka jin kowa.