Gurbin Suna na Tsakiya

…kuma biron ma an ɗaure shi da zare. Wa zai saci biro a ofishin rajistar haihuwa? Tun ɗazu tana riƙe da shi. Jaririyar na kwance a hannunta na hagu, kwana goma sha tara a duniya, ba ta san komai ba sai barci da motsa baki.

Layi uku ne a saman fom ɗin. Sunan farko — ta rubuta, uban ne ya zaɓa, ba laifi. Sunan mahaifi — ta rubuta. Na tsakiya… ƙananan akwatuna goma sha biyu a jere, kowane harafi da nasa, duk a wofi.

Kowa ya kawo nasa. Surukarta ta ce a sa nata, wai ta gaji da jiran takwara. Ƙanwarta ta turo sunaye talatin ta waya, har da waɗanda sai harshe ya karye kafin a kai ƙarshensu. Shi kuwa maigidan, shekaranjiya, yana ɗaure igiyar takalmi, ko ɗagowa bai yi ba — "Ko a sa na yayarta?" Ya fita aiki. Shekara biyu bai furta sunan nan ba, ranar ma bai furta ba. Na yayarta.

Yayar da ba ta san ta zama yaya ba. Wata goma sha huɗu ta yi. Haƙora huɗu, biyu sama biyu ƙasa, tana cizon cokali tana dariya… zazzaɓi ranar Talata. Ranar Alhamis suka dawo daga asibiti da bargon a ninke.

Mamanta kuwa ta ce a'a. "Kada ku ɗora wa yarinya kayan da ba nata ba, ba ta ji ba ba ta gani ba." Kaya? Harafi biyar ne fa. Ita ba wani abu take nema ba. Wata rana dai a aji malama ta buɗe littafi ta kira sunan da ƙarfi, ba tare da ta sassauta murya ba, ba tare da ta ce Allah ya jiƙan rai ba — kuma wata ta amsa. Shi ke nan. Ya yi yawa?

Ya kamata a ce tana jin wani abu yanzu. Ta laluba zuciyarta, shiru, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Fanka na juyawa. Wani mutum a benci yana fifita da fom ɗinsa. Ta sunkuya ta cike akwatuna biyar.

Lamba arba'in da ɗaya. Ita ce.

Ma'aikaciyar tana bayan gilashi, tabarau a kan hanci, shayi ya huce a gefenta. Ta karɓi katin shaida, ta buga lambar a kwamfuta.

"Masha Allah, ta biyu ke nan. Babbar shekara uku da wata biyu. Ta fara makaranta?"

Shekara uku da…

Takardar. Takardar da likita ya ba su ranar Alhamis ɗin, ya ce a kai ofis, taga ta uku, a shigar da rasuwar. Tana nan cikin akwati a saman kabad, tare da bargon. Wa yake da ƙafar zuwa taga ta uku a lokacin? Shi ya ɗauka ta kai, ita ta ɗauka ya… a'a, ƙarya ne. Babu wanda ya ɗauka komai. Ba su kai ba ne kawai.

"Sai dai na tsakiyan nan ba zai shiga ba, yayarta ke da shi," in ji ma'aikaciyar. "Uwa ɗaya, yara biyu rayayyu, kwamfutar ba ta yarda su haɗa suna. Ki kawo wani." Ta ɗago. Ta dube ta ta saman tabarau, ta daɗe. Muryar ta sauka — ga shi nan, ita ma ta sassauta. "Ko kuwa…? Ayya, baiwar Allah. In haka ne, ki kawo takardar taga ta uku a rufe nata. Minti biyar ne. Daga nan sunan ba mai shi, sai a sa wa wannan."

A rufe nata.

Ashe akwai inda take raye. Nan, bayan gilashin nan, kusa da kofin shayi. Duk safiyar da suka tashi a gida babu ita, nan ana ƙara mata kwana. Ta yi shekara biyu, ta yi uku, ba zazzaɓi, ba Alhamis. Wata mai zuwa za ta ƙara wata ɗaya, in dai an ƙyale ta. Ita kuma ta zo da harafi biyar don kada sunan ya mutu, sai a ce da hannunta za ta… minti biyar?

Jaririyar ta farka, tana goga fuska a ƙirjinta tana neman nono. Na bayanta a layi ya yi gyaran murya.

"To, me zan rubuta?" in ji ma'aikaciyar.

Ta buɗe baki. Sunaye talatin a waya, ko ɗaya bai zo ba. Ta gaji, ƙafafunta sun gaji, hannun hagun ya sage. Shekara uku da wata biyu… da yanzu ta iya faɗin sunanta da kanta.