Firijin da Ya Koma Ɗumi

Ya danna soson ƙarshe a bangon ƙaramin firijin, ya bi gefensa da gam, ya riƙe da tafin hannu har ya kama. Tun safe yake tsugunne a tsakar gida. Ya cire kwamfireson da ya mutu, injin da ke kawo sanyi, ya toshe ramin da bututu ya bari, ya sa kwan fitila da 'yar fanka a ƙasa, sannan ya haɗa na'urar da za ta kashe kwan idan zafi ya yi yawa. Firiji ne a ido, amma yanzu ɗumi zai riƙe. Aikin wuni ɗaya ne, abin da ya fi ci masa rai ke nan.

Shekaru matarsa tana roƙonsa wannan akwatin. Yogot take yi tana kai wa shagunan unguwa, kuma da sanyi ya shigo sai madarar ta ƙi yin kauri. Ta lulluɓe tukunya da bargo, ta kai bayan murhu, da safe ta tarar ya tsinke, ta zubar.

"Duk garin nan kai ke gyara musu firiji," takan ce, "ni ko ɗan akwati ka kasa yi mini."

"Bari aiki ya lafa," yakan ce, yana neman takalmi.

Aiki bai lafa ba, sai da ta faɗi a kicin, ɓarin jikinta na dama ya shanye.

Ya rungumi firijin ya kai ɗaki, ya dire gaban kujerarta, ya jona. Kwan ya kama, fankar ta fara ɗan gurnani.

"Mene ne wannan, Maigida?" Maganarta a hankali take fita yanzu, kowace kalma sai ta jawo ta.

"Akwatinki ne. Na yogot."

Ta daɗe tana kallon akwatin. Shi kuma ya shiga zuba bayani: kaurin soson, sabuwar robar bakin ƙofa, yadda ko sanyi ya kai ina ɗumin ba zai motsa ba. Yana jin kansa kamar mai tallan kaya ga wanda ya riga ya bar kasuwa.

"Masu shagunan sun sami wata mai kai musu," ta ce.

"Na sani."

"Wa zai dafa madarar?"

"Ni. Ke ki riƙa faɗa mini."

Gefen bakinta mai motsi ya ɗaga. "Kai da ruwan shayi ke ƙonewa a hannunka?"

Ya yi dariya. Ya sunkuya yana gyara wayar da ba ta buƙatar gyara.

"Buɗe in ji," ta ce.

Ya buɗe ƙofar. Ta miƙa hannun hagu ciki, ta juya shi cikin iskar, ta gyaɗa kai irin na wadda ta san aikinta.

"Daidai. Haka madara ke so."

Sai ta kamo hannun daman daga cinyarta, ta ɗaga shi kamar kayan wani, ta kwantar a kan kantar firijin.

"Kullum sanyi yake ji," ta ce. "Bar shi ya ɗan sha."

Ya zauna a ƙasa kusa da ita, ya tare ƙofar da gwiwarsa don kada ta rufe.