Abin da Ya Yi Ƙasa

Akwatin da ke sarrafa ɗakin sanyi yana ta tsuwa lokacin da Makaniki ya jingine babur ɗinsa a bakin sito. Bai yi sauri ba. Sai da ya goge madubi, ya kakkaɓe wando, sannan ya shiga.

Wata biyu ke nan rabonsa da wurin. Ranar da tumatir kwando arba'in ya daskare, Manaja, ƙanin Maigida, ya tsaya gaban leburori ya ce Makaniki ne ya lalata inji, wai ko fanka bai iya gyarawa ba. Magana ta bi layi shago-shago. Mai kifi ya daina kiransa, mai ƙanƙara ma haka. Yau da aka nemi wani mai gyaran aka rasa, Maigida da kansa ya buga masa waya.

Wannan karon ayaba ce a ciki, ɓawonta duk ya yi toka-toka. Ita ayaba digiri goma sha uku take so, ga fuskar akwati tana nuna biyu, haruffan L da O suna ƙyaftawa.

Makaniki ya bi abin daki-daki. Ya duba 'yar wayar da ke auna sanyi, ko ta jingina da bututun ƙanƙara. Tana wurinta. Ya fito da nasa ma'aunin, shi ma biyu ya ce. Ya gwada makunnin kwamfiresa, injin da ke kawo sanyin, ko ya maƙale, ya ji shi ƙas, lafiya lau. Sai ya danna ya duba lambar da aka umarci inji ya kai. Ɗaya.

Wani daɗi mai zafi ya taso masa. Dannawa kaɗan ta isa ta gyara komai. Ya mayar da hannu aljihu.

"Yaya, ka ga ya tsaya zuru," in ji Manaja, yana duban Maigida da ke tsaye a gefe. "Dama na gaya maka."

"Gaskiya abin ya ɗaure mini kai, ranka ya daɗe," Makaniki ya ce a hankali. "Ka san ban yi nisa a boko ba. Haruffan nan me suke cewa?"

Manaja ya yi dariya, ya yafito leburori. "Ku zo ku ji. Mai gyara ne ke tambayata! Turanci ne, malam. Ma'anarsa ƙasa. Sanyi ya yi ƙasa."

"Ikon Allah. To idan ya yi ƙasa, ya kake yi?"

"Sai in ƙara masa mana! Ba don ni ba ai da tuni kaya sun dahu."

"Nuna mini, in ƙaru."

Manaja ya naɗe hannun riga, ya danna, lamba ta sauka daga ɗaya zuwa sifili. "Ka gani? Haka na yi ranar tumatir ma, sau huɗu, amma ɓarnarka ta riga ta yi yawa."

Makaniki ya bar maganar ta zauna a kunnen kowa tukuna. Sannan ya juya wajen Maigida.

"Yallaɓai, ba sanyi ne ya yi ƙasa ba, lamba ce. Inji kuka yake, sanyi ya yi yawa. Kullum ya yi kuka, sai a ƙara masa."

Wani lebura ya toshe baki da hula, kafaɗunsa suna rawa.

"Yaya, ai ni..."

"Rufe mini baki!" Maigida ya ce. "Malam, don Allah gyara."

Makaniki ya mayar da lamba sha uku. Kwamfiresa ya tsaya. Aka buɗe ƙofa, can tsuwa ta ɗauke.

"Me zan yi maka?" Maigida ya tambaya, kansa a ƙasa.

"Ayabar nan ba ta da sauran amfani, sai juji. Manaja ya kai ta da kansa. A ka, ba a baro ba."

Juji kuwa yana can ƙarshen layi. Makaniki ya ja benci gaban mai shayi, ya ce a zuba masa da madara. Manaja ya wuce da kwandon farko, ruwan ayaba na bin wuyan rigarsa. Mai kifi ya leƙo yana tambayar abin da ya faru, leburori uku suka yi rige-rigen ba shi labari.

"Kwando nawa ne?" in ji mai shayi.

"Sittin," Makaniki ya ce, yana hura kofinsa. "Ƙaro mini burodi."