Ɓerayen Keji Na Tara

Mai Ɓera ya ɗaga ɓera na ukun ta wutsiya, shi ma ya sandare. Shekara ashirin yana kiwon ɓerayen ɗakin binciken nan, har sunansa na yanka ya ɓace, amma bai taɓa jin gabansa ya faɗi don mutuwar ɓera ba sai yau.

Na keji na tara ne, masu shan sabon garin maganin nan ruwan ɗorawa da Dakta ta haɗa, wanda take kira haidirazon. A kwanon gwaji ya yi wa ƙwayar tarin fuka kisan gilla, har wadda ta gagari magungunan asibiti. Da aka fara ba ɓeraye, Mai Ɓera ya ga sun kwana biyu garau, sai ya shiga ɗibar garin a ɓoye, yana ƙullawa a takarda yana kai wa matarsa, wadda nata tarin ya ƙi jin magani wata takwas. Wanda ya faɗa rijiya, ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Yau ɓerayen kwanansu goma sha biyu suna sha, ita goma.

Dakta ta shigo, ta sa safar hannu, ta tsaga cikin guda da almakashi.

"Hanta ce. Dubi yadda ta dagargaje," ta ce. Ta yi ajiyar zuciya. "Aikin shekara uku ya bi ruwa. To, gara da ya nuna halinsa a nan, amfanin ɓera ke nan."

"Dakta, da a ce mutum ne fa?"

"Wane mahaukaci zai ba mutum?" Ta yi 'yar dariya. "Ido ya yi rawaya, sai amai, sai barci mai nauyi. In aka kai ga barcin, sai dai addu'a. Yau kuma karatun likita za ka fara?"

Ya fita baranda, ya kira 'yarsa a waya.

"Baba, sauƙi ya samu!" in ji ta. "Tarin ya lafa. Ta ɗan yi amai da asuba, amma tun da na ba ta ƙullin safe take barcinta, ko motsi."

"Ɗaga fatar idonta ki gaya mini launinsa."

"Haba Baba, wata nawa rabonta da barci irin wannan?"

"Ɗaga, na ce!"

Ya ji takunta, ya ji ƙarar ƙofar ɗaki. Tsoro ya cika shi, da kunya. Ya san aikinsa ya ƙare, watakila har da ɗauri, kuma bai damu ba. Ya koma ciki da wayar a kunne.

"Dakta, kwana goma ke nan ina ba matata."

Almakashin ya suɓuce daga hannunta. A cikin wayar kuwa yarinyar na ta kira, tana ƙara ɗaga murya:

"Inna. Inna! Tashi mana, Baba ne ke magana."